Daga 256 zuwa Biliyan Huɗu: Tarihin Faɗaɗa Lambar Mai Amfani a Unix da Linux

A babbar manhaja ta Unix da duk waɗanda suka gaje ta, har da Linux wadda Android ke tsaye a kanta, sunan da mutum yake rubutawa idan zai shiga kwamfuta iyakarsa bakin ƙofa, domin da zarar an tantance shi sai a musanya sunan da wata lamba da aka rubuta a gabansa cikin rajistar masu amfani, daga nan kuma lambar ce ke wakiltarsa a ko'ina. Kanel, wato cibiyar babbar manhaja wadda ke riƙe da ƙwaƙwalwar inji da faifan ajiya da lokacin aiki tana rabawa tsakanin shirye-shirye, ba abin da yake dubawa sai wannan lamba, tare da ta biyu mai nuna rukunin da mutum yake ciki, duk lokacin da zai yanke hukunci ko wani shiri yana da izinin buɗe wani fayil. Kowane fayil yana ɗauke da lambar mai shi, kowane shiri mai gudana yana ɗauke da lambar wanda ya tayar da shi, lamba 0 kuwa an keɓe ta ga mai cikakken iko, wanda ake kira root, wanda ba a hana shi komai. Saboda haka faɗin gurbin da aka tanadar wa wannan lamba shi ne iyakar yawan waɗanda inji zai iya bambancewa, kuma sau biyu gurbin ya yi wa jama'a kaɗan har ya zama tilas a faɗaɗa shi.

Ken Thompson da Dennis Ritchie sun fara Unix a 1969 a ɗakunan bincike na Bell Labs da ke jihar New Jersey ta Amurka, ba da jimawa ba kuma suka mayar da ita kan injin PDP-11, wanda ƙwaƙwalwarsa ba ta kai ko kusa da ta ƙaramar wayar hannu ta yau ba. A irin wannan inji ana lissafin kowane bit, wato gurbi guda mai ɗaukar 0 ko 1, kuma bit 8, waɗanda ake kira bayit ɗaya, ba sa iya nuna abin da ya wuce lambobi 256, daga 0 zuwa 255. Bayit ɗaya aka ba lambar mai amfani, ɗaya aka ba ta rukuni, a cikin inod, ɗan katin bayanin da ke rakiyar kowane fayil a kan faifai, wanda gaba ɗayansa bayit 32 ne a Bugu na Shida na 1975. Ga ɗakin bincike mai 'yan mutane kaɗan wannan ya wadatar, amma Bugu na Shida shi ne ya fita ya bazu a jami'o'i, inda ɗaliban darasi guda kan iya cinye lambobin. Bugu na Bakwai na 1979 ya ninka girman inod zuwa bayit 64, ya ba kowace lamba bit 16, wato gurabu 65,536, ko da yake shirye-shirye da dama suna ɗaukar bit na ƙarshe a matsayin alamar lamba mai ƙasa da sifiri, sai iyakarsu ta tsaya a 32,767. Wannan faɗaɗawa ta farko ba ta yi wahala sosai ba, saboda injinan kaɗan ne, masu su kuma suna da rubutun manhajar a hannu, suna iya sake sarrafa komai su sake tsara faifai a lokaci ɗaya.

A shekarun 1980 abubuwa biyu suka faru waɗanda suka share fagen abin da ya biyo baya. Ƙa'idar POSIX ta 1988, wadda aka rubuta don daidaita nau'o'in Unix da suka yawaita, ta ba lambar mai amfani nau'i na musamman mai suna uid_t ba tare da ta ƙayyade faɗinsa ba, don mai rubuta shiri ya daina ɗauka cewa lambar bit 16 ce. Kamfanin Sun kuma ya fito da NFS, hanyar da injina da yawa ke tarayya a kan fayilolin inji guda ta layin sadarwa, wadda tun asali take aika lambar mai amfani cikin bit 32. NFS ce ta sa lambar ta zama abin da dole ya dace tsakanin injinan ma'aikata gaba ɗaya, tun da inji mai fayil yana gaskata lambar da aka aiko masa ne kawai, kuma ita ce ta yaɗa al'adar mayar da root na wani inji zuwa lamba -2, ta wani asusu marar iko mai suna nobody, lambar da idan aka rubuta ta cikin bit 16 take fitowa 65534. Manyan nau'o'in Unix sun bi sahu ɗaya bayan ɗaya: System V Bugu na Huɗu na kamfanin AT&T ya faɗaɗa nau'in a ƙarshen shekarun 1980, 4.4BSD ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta yi haka a farkon shekarun 1990, Solaris 2.5.1 kuma ta ɗage iyakarta daga 60,000 zuwa 2,147,483,647 a 1996.

Linux ta zo a makare a wannan fanni, abin mamaki kuwa shi ne a kan inji mai bit 32 aka haife ta. Linus Torvalds ya rubuta ta a Helsinki a 1991 don Intel 386, amma ya ari tsarin ajiyar fayil na Minix, manhajar koyarwa ta Andrew Tanenbaum, wanda ke ba mai amfani bit 16, rukuni kuwa bit 8 kacal. Tsarin ext2 da Rémy Card ya kawo a 1993 ya ba duka biyun bit 16 cikin inod mai bayit 128. A kan injin Alpha na kamfanin DEC, inda aka kai Linux daga baya, kanel ya ɗauki bit 32 tun farko, amma a kan 386 da ARM da Motorola 68000 da SPARC mai bit 32 ƙuncin ya zauna, ya shiga cikin kowace hulɗa tsakanin kanel da shirye-shirye. Mai karatu zai iya cewa 65,536 ai ba ƙaramin adadi ba ne, ina injin da mutane dubu sittin za su zauna a gabansa? Amsar ita ce ba masu zama a lokaci guda ake ƙirgawa ba, domin babbar jami'a ko kamfanin sayar da intanet yakan riƙe rajista ɗaya ga dukkan injinansa, kuma mai kula da tsari da ya san aikinsa ba ya sake ba da lambar wanda ya tafi, saboda duk fayil ɗin da tsohon mai lambar ya bari a wani faifai ko a kaset ɗin ajiya zai koma mallakar sabon. Ɗalibai suna shiga kowace shekara, lambobi suna hawa ba sa saukowa, sai a wayi gari ma'aikata tana da injinan Solaris da suka san kowa, da injinan Linux da ba za su iya karɓar sababbin shiga ba.

Wanda ya ɗauki nauyin aikin shi ne Chris Wing na Jami'ar Michigan da ke Ann Arbor, kuma facinsa, wato gyaran da aka ɗora a kan rubutun kanel, ya shiga sigar gwaji ta 2.3.39 a watan Janairun 2000, sannan ya isa hannun jama'a tare da Linux 2.4.0 da aka saki ranar 4 ga Janairun 2001. Sauya faɗin lambar a cikin kanel shi ne mafi sauƙin ɓangaren aikin, kusan layi ɗaya ne. Wahalar tana ga alkawarin da Torvalds ya daɗe yana tsare da shi, cewa shirin da ke aiki jiya dole ya yi aiki gobe a kan sabon kanel ba tare da an sake sarrafa shi ba. Shiri yana neman hidimar kanel ne ta wasu ƙofofin kira masu lamba, kamar ta 24 a kan 386, mai suna getuid, wadda ke gaya wa shiri lambar mai shi, da ta 23, setuid, wadda ke sauya ta. Tsohon shiri ya riga ya tanadi bit 16 don amsar da zai samu, idan kuwa kanel ya zuba masa bit 32 a cikin jeren bayanan da ya ware wa wuri, duk abin da ke bayan lambar zai goce daga mazauninsa, shirin ya karanta girman fayil a inda ya kamata ya karanta wani abu dabam.

Mafitar da aka zaɓa sananniya ce ga duk wanda ya san yadda ruwa ya iso yankin Managil a Sudan. Lokacin da aka faɗaɗa Shirin Jazira na noman ban-ruwa zuwa can daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon 1960, ba a tsayar da babbar tur'ar, wato hanyar ruwan da ke shayar da gonaki tun 1925, don a yashe ta a ƙara mata faɗi ba, sai aka haƙa wata sabuwa a gefenta daga madatsar Sinnar, su biyun suna tafiya tare. Haka Wing ya bar tsofaffin ƙofofi yadda suke, ya buɗe sababbi 19 a gefensu, masu lamba 198 zuwa 216 a kan 386, kowace da sunan tsohuwarta an ƙara mata 32 a ƙarshe: getuid32, setuid32, chown32 da sauransu. Tsofaffin aka kwashe aka tara su a fayil guda mai suna uid16.c, inda aikinsu ya zama karɓar lamba mai bit 16, su faɗaɗa ta, su miƙa wa sabon tsari, su kuma matse amsar kafin su mayar. Mai rubuta shiri bai ma san an yi wannan ba, saboda ba kai tsaye yake kiran kanel ba, ta hannun glibc yake bi, rumbun ayyukan harshen C da kusan kowane shiri ke jingina da shi, kuma masu glibc sun yi hangen nesa tun sigar 2.0 ta 1997 da suka ɗauki uid_t a matsayin bit 32 alhali kanel bai kai nan ba. Abin da ya rage musu shi ne su koya wa rumbun ya fara gwada sabuwar ƙofa, in kanel ya ce bai san ta ba ya koma tsohuwa.

Matse amsar nan shi ne wuri mafi haɗari a aikin duka. Idan aka ɗauki lamba mai bit 32 aka yanke rabinta na sama aka bar na ƙasa, kamar yadda harshen C yake yi da kansa ba tare da gargaɗi ba, to mai lamba 65,537 zai koma mai lamba 1, mai lamba 65,536 kuwa zai koma 0, wato root. Ke nan ɗalibin da rabonsa ya faɗa kan wannan lamba, ko 131,072, zai bayyana ga tsohon shiri a matsayin mai cikakken iko, ko kuma fayil ɗinsa ya zama na root idan aka rubuta shi a faifan da bai san bit 32 ba. Don toshe wannan, aka kafa dokar cewa duk lambar da ta wuce 65,535, in za a nuna wa tsohon shiri ko a rubuta ta a tsohon faifai, ba za a yanke ta ba, za a maye gurbinta da lamba guda ta ambaliya, wadda mai kula da tsari ke iya sauyawa amma aka sa ta 65534 tun asali, lambar nan ta nobody da aka gada daga NFS. Tsohon shiri zai ga duk manyan lambobi kamar mutum ɗaya ne marar iko, wanda kuskure ne, amma kuskuren da ba ya ba kowa abin da ba nasa ba. Akwai kuma wata tsohuwar al'ada da ta buƙaci kulawa: a wasu kira, kamar chown mai sauya mallakar fayil, lamba -1 tana nufin a bar abu yadda yake. A bit 16 wannan -1 ita ce 65,535, a bit 32 kuwa 4,294,967,295 ce, sai ya zama dole tsofaffin ƙofofi su riƙa fassara ta farko zuwa ta biyu, kuma lambobin biyu suka haramta ga kowa har yau. Littafin ƙa'idojin Debian, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, ya hana ba da 65535 a fili.

A kan faifai kuwa sa'a ce ta taimaka, ko kuma tsimin masu tsara ext2, waɗanda suka bar bayit 12 a ƙarshen kowane inod don kowace babbar manhaja ta yi amfani da su yadda ta so. A nan aka sami wurin ajiye rabin lambar na sama, bit 16 na mai amfani da 16 na rukuni, nesa da rabinsu na ƙasa da ke farkon katin, a mazaunin da manhajar Hurd ta GNU ta riga ta ware wa wannan buƙata. Ta haka tsohon faifai ya ci gaba da aiki ba tare da an sake tsara shi ba, tun da wurin sifiri ne a cikinsa. Sai dai akwai wani tarko ga injin da ake tayar da shi wani lokaci da sabon kanel wani lokaci da tsoho: idan sabo ya goge fayil mai babbar lamba ya bar rabin saman a katin, tsoho zai iya sake amfani da katin ya rubuta rabin ƙasa kawai, sai sabo ya dawo ya haɗa biyun ya ba fayil ɗin wani mai shi da bai san da shi ba. Shi ya sa aka sa kanel ya riƙa share rabin saman duk lokacin da aka goge fayil, aka kuma tanadi zaɓin nouid32 ga mai son faifansa ya zauna a tsohon faɗi. Wannan rabuwar lambar gida biyu ta bi ext3 ta shiga ext4, wanda ke ɗauke da fayilolin miliyoyin injina a yau.

Sauran wuraren da lambar ta maƙale sun ɗauki shekaru ana binsu. Tsarin ƙayyade rabon faifai yana ajiye bayanin kowane mutum a fayil guda, a wurin da ake samu ta hanyar ninka lambarsa da girman bayanin, dabarar da ke da kyau ga ƙananan lambobi amma ta zama wauta ga manya, har sai da Jan Kára ya sake tsara fayil ɗin a siffar bishiya mai rassa. Littafin lissafin shirye-shiryen da aka gudanar bai sami cikakkiyar lamba ba sai a Linux 2.6.8 ta 2004. Fayil ɗin lastlog, mai rubuta ranar da kowa ya shiga na ƙarshe, ya ci gaba da tsohuwar dabarar da bayit 292 ga kowane mutum, don haka a wasu injinan Red Hat da aka ba asusun nfsnobody lamba 4,294,967,294 sai fayil ɗin ya nuna girman fiye da terabayit ɗaya, duk da cewa cikinsa holoƙo ne bai cinye faifai ba, amma shirin ajiyar kwafi da bai gane haka ba yakan kwana yana kwafe sifiri. Tsarin tar na ɗaure fayiloli wuri ɗaya ya tanadi gurbin da ba ya wuce 2,097,151, sai da ƙa'idar POSIX ta 2001 ta kawo ƙarin tsari kafin a sami daidaitacciyar hanyar wuce nan. Yawan rukunonin da mutum guda ke iya shiga, wanda wata iyaka ce dabam, an ɗage shi daga 32 zuwa 65,536 a Linux 2.6.4 a 2004, amma tsohuwar hanyar tantancewa ta NFS ba ta aika fiye da 16, abin da har yanzu yake rikita masu kula da injina.

Waɗanda suka fi cin moriyar filin da aka buɗe ba 'yan Adam ba ne. Android, wadda ta fito a wayar farko a 2008, ta ɗauki wannan tsohuwar lamba ta ba kowace manhajar waya tata, daga 10,000 zuwa sama, ta yadda kanel yake kallon Bankak ta Bankin Khartum da WhatsApp da ke waya ɗaya kamar mutane biyu baƙin juna, ya hana ɗaya leƙa ajiyar ɗaya da dokar da ya saba hana ɗalibi karanta fayil ɗin ɗan'uwansa. Da Android 4.2 ta kawo tsarin masu amfani da yawa a na'ura guda a 2012, sai aka ba kowane mutum zangon lambobi 100,000, ana ninka lambarsa da wannan adadi a ƙara ta manhaja, don haka manhajar mutum na 10 tana farawa daga 1,010,000, kuma wayoyin Xiaomi masu buɗe WhatsApp biyu suna ajiye na biyun ne a ƙarƙashin mutum na 999. Wannan rabon zango ga masu amfani da yawa ba zai yiwu a bit 16 ba. Haka kuma kwantena, hanyar keɓe tarin shirye-shirye su yi zaton su kaɗai ne a inji, ta amfana da aikin Eric Biederman da ya kammala a Linux 3.8 a Fabrairun 2013, wanda ya ba kanel ikon fassara lambar cikin kwantena zuwa wata a waje, root na ciki ya zama mutum marar iko a waje. Zangon da aka saba yanka wa kowane mai amfani don wannan aiki lambobi 65,536 ne cif, yawanci ana farawa daga 100,000, ma'ana tsohuwar iyakar da aka sha wahala aka ƙetare ita ce ta koma ma'aunin rabo, saboda manhajojin da ake sakawa a kwantena har yanzu suna tsammanin samun nobody a 65534.

Sakacin masu rubuta shiri kuwa bai gushe ba, wuri kawai ya sauya zuwa saman sabon filin. A Disambar 2018 aka gano cewa polkit, mai ba da izinin wasu ayyukan gudanarwa a yawancin injinan Linux, yana ɗaukar lambar da ta wuce 2,147,483,647 a matsayin mai ƙasa da sifiri, ya rikice ya ba mai ita izinin da ba nasa ba. A Oktoban 2019 kuma Joe Vennix na kamfanin Apple ya nuna cewa a wasu saituna na sudo, shirin da ke ba mutum damar yin aiki da sunan wani, mutumin da aka yarje wa ya yi aiki da sunan kowa ban da root yana iya neman lamba -1 ko 4,294,967,295, kanel ya fahimci haka a matsayin umarnin a bar lamba yadda take, shirin kuwa a lokacin yana riƙe da 0, sai mutumin ya tsinci kansa root. An gyara wannan a sigar 1.8.28. Duka biyun irin cutar da Wing ya yi wa riga-kafi ce a 2000, kuma hujja ce cewa hankalin da ya sa ya ƙi yarda da yankan lamba ya fi faɗin da ya ƙara daraja.

Injinan da suka zo bayan 2001, kamar x86-64 na AMD da ARM mai bit 64, ba su gaji ƙofofi biyu ba, getuid ɗinsu bit 32 ce tun ranar farko. Amma ƙananan wayoyi masu araha da ke gudanar da Android mai bit 32 har yanzu ta getuid32 suke bi, kuma kanel yana riƙe da zaɓin CONFIG_UID16 don shirye-shiryen da aka sarrafa kafin 2000. A saman fayil ɗin uid16.c akwai ɗan bayanin da aka rubuta tun lokacin facin, mai bayyana raunannen fatan cewa za a iya cire shi bayan shekara biyar. An haura shekara ashirin, fayil ɗin yana nan a cikin rubutun kanel.